Usur a Hannun Gwaggo Larai

Dammam, ranar Juma'a

Safiya 'yar Kawu,

Assalamu alaikum. Shekara bakwai ke nan rabona da gida, tun ranar da kika raka ni tashar Kawo kina dariyar jakata mai ɗaurin igiya. A duk shekarun nan sai yanzu kika tuna kina da taubashi, da yake kina neman mai yi miki aiki kyauta. Ba komai. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata gwiwar da sauƙi, sai dai idan sanyin na'ura ya yi yawa a zauren wasan da nake gogewa takan tuna mini da kanta.

Na karanta saƙonki. Wato Malam Yakubu ya yi ritaya, kwaleji na neman babban kocin ƙwallon kwando, kuma hukuma cikin hikimarta ta sa malamar Lissafi a kwamitin zaɓe, wadda ba ta san ko mutum nawa ke shiga fili ba. Biyar ne, Malama. Ki rubuta a tafin hannu.

Kin ce in yi miki saƙon murya. Ba zan yi ba. Ɗakinmu cike yake da mutane, kowa kunnensa a buɗe. A takarda na rubuta, zan ɗauki hotonta in turo miki. Ga abin da na sani a kan mutum ukun da kika lissafa.

Koci Muhammadu na Unguwar Kanawa na san shi tun yana da gashi a ka. Kofunan da ya ce ya ci gaskiya ne, a gabana aka miƙa masa biyu. Mutum ne mai tsawa, yara na tsoronsa, kuma tsoro yakan ci wasa na ɗan lokaci. Aibinsa, idan ya sami yara biyar masu kyau ba ya hutar da su. Zai yi ta tatsarsu har gwiwoyinsu su mutu, sauran kuma su tsufa a benci. Ki tambaye shi ina yaran da suka ci masa kofin ƙarshe suke yanzu. Amma ba ya taɓa kuɗin abincin yara, wannan na shaide shi ko a gaban alƙali.

Nazifi ban san shi ido da ido ba, a waya nake ganin wasansa lokacin da yake Legas. Ya iya, kuma takardunsa ba na saye ba ne. Abin da za ki tambaye shi shi ne ina iyalinsa suke zaune. Idan suna Abuja, to hutawa zai yi a wurinku kafin ya wuce. Ba laifi ba ne, yaro ne yana da gaba. Sai dai ɗan kwaleji yakan shigo bai iya riƙon ƙwallo ba, sai a shekara ta uku yake zama ɗan wasa, kuma yana buƙatar wanda zai jira shi.

Sai Zakariyya. Kin rubuta sunansa kamar ba ki san waye ba. A tashar Kawo na tsince shi yana ɗora kaya a saman mota, dogo kamar falwaya, ba takalmi. Ni na saya masa na farko. Ni na roƙi Malam Yakubu, lokacin ina mataimakinsa, ya bar shi ya riƙa zuwa fili. Ni na matsa masa ya koma makaranta. Da kwaleji ta ce mataimakin koci sai mai difloma, ni kuwa ba ni da ita, sai ya shigar da takardunsa, aka ba shi kujerata. Ban ce bai cancanta ba. Amma daga gidansu a Unguwar Shanu zuwa ƙofar gidanmu tafiyar nawa ce? Bai zo ya ce mini, Maigida, ga abin da nake shirin yi ba. A bakin mai shayi na ji. Har yau idan na tuna sai in ji ɗaci a harshena.

Akwai sauran magana a kansa, amma ga shugaban aiki yana ƙwala mini kira, 'yan wasa sun tashi, katakon fili na jiran goge-goge. Zan ƙarasa miki ranar hutuna.

Bawanki, in ji ki,
Ja'afaru

*

Kaduna, ranar Lahadi

Bawana Ja'afaru,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, sai autana da ke fama da haƙori. Na rubuta biyar ɗin a tafin hannu, na gode, Allah ya 'yanta ka.

Wallahi ka fitar da ni kunya. Jiya a taron share fage na yi magana a kan hutar da 'yan wasa, sai ga shugaban kwamiti ya sauke tabarau yana kallona. Bai san ina da bawa a ƙasar Larabawa ba.

Maganar Zakariyya na gane, ba sai ka wahalar da kanka da ƙarasawa ba. Na ja layi a kan sunansa a takardata. Dama shugaban kwamiti na yamutsa fuska a kansa, don bara da Malam Yakubu ya kwanta rashin lafiya shi ya riƙe ƙungiyar, kuma an ce wasannin farko duk kashi suka sha. Ga wannan, ga kuma abin da ya yi maka. Mu biyar ne a kwamitin, biyu na tare da Zakariyya, biyu ba sa yi, ni ce ta tsakiya.

Na je Kawo na karanta wa Gwaggo Larai wasiƙarka, ta sa na maimaita mata wurin gwiwar. Da na ba ta labarin cewa bana an sassauta, gogewa na iya tsayawa a madadin takarda, sai ta ce, "To shi Ja'afarun me zai hana a ba shi?" Na ce, "Gwaggo, ai sai ki kira shi, kujera na nan." Muka yi dariya, ta zubo mini dambu.

Ka kula da ƙafar nan.

Uwargijiyarka,
Safiya

*

Kaduna, ranar Laraba

Ja'afaru,

Sallama. Ina fata lafiya, don shirun ya yi yawa. Ranar hutunka ta zo ta wuce har sau biyu, na kira wayarka a kashe. Idan fushi kake yi da ni ka faɗa, idan ciwo ne ka sa wani ya sanar da mu.

Abu ya rikice a nan. Ashe maganar da na yi wa Gwaggo da wasa ba da wasa ta ɗauke ta ba. Ta je suna a Unguwar Shanu, ta faɗa wa mata cewa kwaleji ta aika maka, kana hanya, za ka karɓi aikinka da aka ƙwace. Har ta sa an share ɗakinka an canza labule. Kafin la'asar magana ta kai gidan su Zakariyya.

Shekaranjiya ina ofis sai ga shi, sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofa. Na nuna masa kujera ya ƙi zama. Ya ce, "Malama, na ji Maigida zai dawo."

Na ce, "Ni bai faɗa mini haka ba."

Ya ce, "Ya ce ba zai zo ba?"

Na ce, "Bai ce komai ba, kwana biyu ban ma same shi ba."

Sai ya gyaɗa kai, ya ce, "Haka yake yi idan ya yanke shawara, sai ya kashe waya." Ya ajiye mini takardar janyewa a tebur. Ya ce, "Sau ɗaya na shiga gabansa, ba zan yi na biyu ba. Idan ya zo, ko ɗaukar ƙwallo ya ce in riƙa yi masa zan yi."

Ya kamata in ji daɗi, tunda abin ya warware kansa ba sai na kaɗa ƙuri'a a kansa ba. Amma ban ji ba. Da yamma na bi ta filin, na tarar da yaran zaune a kan simintin, ƙwallo a gefe, ba mai taɓa ta. Ɗaya ya bi ni har mota yana tambaya wai da gaske ne Koci Zakari zai bar su.

Takardar na cikin durowata, ban miƙa ba tukuna. Kwamiti zai zauna Alhamis ta sama. Ka gaya mini gaskiya: zuwa za ka yi? Idan za ka zo, ka turo takardunka, zan tsaya maka. Idan ba za ka zo ba, sai in miƙa tasa, mu zaɓa tsakanin Muhammadu da Nazifi.

Safiya

*

Dammam, ranar Asabar

Safiya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ba fushi, ba shawara. Wayata ce ta zame daga aljihu ta faɗa bokitin ruwan goge-goge, ta kwanta wurin mai gyara yana ta yi mini gobe-gobe. Yau na karɓo ta, na ga wasiƙunki biyu a jere, na karanta su a tsaye. Alhamdu lillahi da takardar nan ba ta bar durowarki ba. Ki kulle durowar.

Sannan ki goge layin da kika ja. Wa ya ce ki ja shi? Na ce miki akwai sauran magana. Abin da na rubuta miki abin da ya yi mini ne. Kwaleji ba ta tambayi wanda Ja'afaru ke so ba, ta tambayi wanda ya iya. A cikin ukun nan Zakariyya ne, kuma da tazara.

Kashin da ya sha a farkon bara, ki ce wa shugabanku ya duba wasannin ƙarshe. Ina bin sakamakonsu daga nan, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Zakariyya yara goma sha biyu yake sa wa a wasa, ba biyar ba. Mai rawar hannu ma sai ya shiga ya yi kuskurensa a gaban jama'a. Yana ɗaure wa yaro hannun dama a atisaye har sai hagu ta koyi aiki. Mai yin haka dole ya sha kashi da farko. Amma idan tafiya ta yi nisa, ƙungiyoyin wasu sun gaji, gwiwoyi sun kumbura, shi yana da mutum goma sha biyu a tsaye. Ni na fara koya masa wannan, ya kuma fi ni haƙurin yinsa, don ni da an ci mu biyu nake komawa kan manyan yarana.

Zuwa kuwa, ba zan zo ba. Kullum ina jingine da sandar goge-goge ina kallon yadda ake horarwa yanzu, na san an wuce ni. Gwiwar nan ba za ta nuna wa yaro yadda ake tsalle ba. Idan na karɓi aikin don Inna ta ji daɗi, yaran ne za su biya.

Matsalar ita ce ba zai yarda ba. Idan ke kika faɗa masa, zai ce rufa mini asiri kike yi. Idan ni na kira shi, zai ce kara nake yi masa, ya ƙara noƙewa. Na san halinsa. Abu ɗaya zai yarda da shi. A filin nan akwai tsohon usur na ƙarfe mai jan zare. Al'adar wurin, mataimakin koci ne ke rataye da shi, kuma duk mai barin aiki da hannunsa yake rataya wa na bayansa, a gaban yara. Da aka sallame ni ban rataya wa kowa ba, na tafi da shi gida, Inna ta jefa a adakarta. Har yau yana can. Shi ya sa Zakariyya yake ganin aron wuri yake yi. A kai masa usur ɗin. Kuma ba ke za ki kai ba. Bakin da ya ce ina hanya, shi zai ce ba na hanya.

Wannan ki karanta wa Inna a hankali:

Inna, ina gaisuwa, ina neman gafara. Na san an share ɗaki. Zan zo, amma ba da wannan aikin ba, don ba nawa ba ne. Yaron nan ya ci tuwonki shekara da shekaru, ke kika ce in saya masa takalmi. Ban huce ba, Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ba na so a ce ɗanki ya tare wa wani abincinsa da aikin da shi kansa ba zai iya ba. Ki taimake ni ki kai masa.

Safiya, idan ta ƙi, kada ki matsa mata. Ki dai sanar da ni kafin Alhamis.

Ja'afaru

*

Kaduna, ranar Juma'a

Bawan Allah, bawana,

Sallama, da albishir. Kowa lafiya, haƙorin auta ya fito. Zauna ka ji.

Na karanta wa Gwaggo. Can ta ce, "Taurin kai irin na ubansa." Ta shiga ɗaki ta daɗe, na ji ana jan adaka. Da ta fito idonta ja, mayafi a kafaɗa, ta ce, "Tashi ki tare mana Keke, kafin in canza ra'ayi."

Ba mu same shi a gida ba, matarsa ta ce ya je fili yin sallama da yara. Muka wuce kwaleji. Ka ga Gwaggo da silifas tana taka tsakiyar fili, yara na darewa. Ta tsaya gabansa ta ce, "Kai dogo, durƙusa. Ba zan karya wuyana don in yi maka magana ba."

Ya zube. Ta ce, "Shekara bakwai, ko sallah ba ka zo ka gaishe ni ba."

Ya ce, "Inna, kunya ce."

Ta ce, "Kunyar banza. Kana tsammanin aikin ne ya ƙona masa rai? Ƙafarka ce da ba ta tako ba. Da ka zo ka faɗa masa, da zagin ka zai yi kwana biyu ya raka ka da kansa." Sai ta kwance bakin zane ta fito da usur. Ta ce, "Ni na ce yana hanya. Ba ya hanya, son zuciyata ne. Ya ce a ba ka wannan. Miƙo wuyan."

Ja'afaru, ƙaton mutumin nan kuka ya yi, a gaban yaransa. Suka ce sai ya busa. Ya busa, ba abin da ya fito sai ƙura da ƙamshin turaren wuta, don 'yar ƙwallon ciki ta manne. Gwaggo ta ce, "To, ko shi ma fushi yake yi." Aka yi ta dariya, har da ita. Sai da aka bubbuga shi a siminti sannan ya yi ƙara. A nan ya karɓi takardarsa daga hannuna ya yage.

Jiya kwamiti ya zauna. Na sa aka kawo sakamakon bara gaba ɗaya, na yi musu abin da na iya, wato lissafi. Uku da biyu, Zakariyya ya samu. Koci Muhammadu ya fita yana cewa an bar masu alli suna zaɓen koci, amma ya miƙa wa Zakariyya hannu a bakin ƙofa. Nazifi kuwa ka yi kuskure a kansa. Iyalinsa na nan Malali, mahaifinsa ba lafiya, ba inda za shi. An ba shi kujerar mataimaki, ya karɓa. Yanzu rigimar ita ce wa zai rataya usur, tunda na mataimaki ne. Zakariyya ya ce a bar masa shi tukuna, bai gama kallonsa ba.

Gwaggo ta ce labulen ba za ta cire ba.

Safiya

*

Dammam, ranar Lahadi

Malama Safiya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, gwiwa ma yau ta yi mini mutunci. Na karanta wasiƙarki a bakin fili, na ajiye sanda na zauna, har shugaban aiki ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, wani kaya ne aka sauke mini. Rabon da in ci abinci in ji ɗanɗanonsa kamar na yau na manta.

Nazifi ki ba shi haƙuri a madadina, ko da bai san na yi masa zato ba. Usur kuma nasa ne, ki gaya wa Zakariyya ya gama kallo ya rataya masa a gaban yara, kada ya koyi halina.

Ya turo mini saƙo mai tsawo, rabinsa Maigida, Maigida. Ban iya amsa duka ba. Na rubuta masa cewa na gani, ya riƙa sa ɗan mai a usur ɗin lokacin damina. Kada ki ce mini ya yi kaɗan. Abin da na samu ke nan a yanzu.

Inna ki durƙusa mata a madadina, ke ma yau ki ɗanɗana bauta. Na san abin da ya fita daga hannunta ranar nan ya fi usur nauyi.

Akwai wani direba ɗan Kawo da zai taho gida bayan sallah, zan ba shi kaya. A nan idan abu ya ɗan tsufa zubarwa suke yi, ni kuma in nemi izini in ɗauka. Ban san wa nake tara wa ba sai yanzu. Ga abin da ke ƙarƙashin gadona: ƙwallo shida, biyu na buƙatar faci. Raga huɗu. Famfon iska ɗaya. Takalmi ƙafa tara, mafi girman ki ba Zakariyya, na san lambarsa. Kuɗin jirgi kuwa, ki faɗa wa Inna na haɗa rabi.

Ja'afaru